Tsakanin dutse da wuri mai tauri: ma'ana da asalin wani karin maganar Ingilishi

Wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Maraɗi, ko Garwa, ko Injamena, amma yake leƙa jaridun Najeriya da na Ghana a wayarsa, ba zai daɗe ba sai ya yi karo da wannan jimla: "between a rock and a hard place". Masu tsara kanun labarai suna son ta ƙwarai. Sukan sa ta idan ana maganar gwamnatin da bashi ya yi wa katutu, ko shugaban da manyan ƙasashe biyu ke ja kowace ta nata gefen, ko ma kocin ƙwallon da ya rasa wanda zai ajiye a benci. Idan aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, abin da za a samu shi ne "tsakanin dutse da wuri mai tauri". Bahaushe ya ji haka sai ya ce, to me ya haɗa dutse da siyasa?

Kafin mu je ga amsa, ga wani ɗan gyara. A nan mun ce Ingilishi ne da gangan, domin a Nijar in ka ce Turanci, mutane da yawa Faransanci za su ɗauka kake nufi, alhali a Kano kuwa harshen Ingila ne.

Abin da jimlar ke nufi shi ne mutum ya samu kansa gaban zaɓi biyu, kowanne da cutarwa, kuma dole ya ɗauki ɗaya. A lura, ba kowace irin wahala ake kira haka ba. Wanda ɓarawo ya yashe shi yana cikin wahala, amma ba ya tsakanin dutse da wuri mai tauri, tunda babu abin da aka ce ya zaɓa. Sai an samu hanya biyu, ta dama ta toshe, ta hagu ma ta toshe, ga shi kuma tsayuwa wuri ɗaya ba za ta yiwu ba.

Misali na kusa shi ne tallafin man fetur a Najeriya. Shekara da shekaru gwamnatocin ƙasar suna fuskantar abu biyu: a ci gaba da biyan tallafin baitulmali ya yi ta zubewa, ko a cire shi farashin komai ya tashi, jama'a su fusata. Da aka sanar da cire shi ranar 29 ga Mayun 2023, har masu sayar da mai a kwalabe a bakin hanyoyin Nijar da Kamaru da Benin sai da suka ji a jikinsu. Irin wannan hali ne ainihin mazaunin karin maganar.

Akwai wani ɗan wasa a cikin kalmar "hard" da ya kamata a gane. A Ingilishi tana nufin tauri, kamar taurin dutse, tana kuma nufin wuya, kamar wuyar rayuwa. Kalmar "dur" ta Faransanci ma haka take da fuska biyu. Saboda haka "hard place" wuri ne mai tauri, kuma hali ne mai wuya, duk a baki ɗaya. Armashin zancen kuwa shi ne dutse ma ai wuri ne mai tauri. Wato an sa wa abu ɗaya suna biyu, an ce ka zaɓa.

Ba daga Ingila ya fito ba

Mutane da dama suna zaton duk wani karin maganar Ingilishi tsoho ne tukuf, daga zamanin Shakespeare ko daga Littafi Mai Tsarki. Wannan kam ba haka yake ba. Ɗan Amurka ne, kuma shekarunsa a rubuce ba su wuce ɗari da kaɗan ba.

Shaidar da aka fi ambata ita ce ta shekarar 1921, a cikin wata mujalla mai suna Dialect Notes, wadda ƙungiyar masana karin harshen Amurka ke bugawa. Aikin mujallar shi ne tattara kalmomi da maganganun da talakawa ke yi a sassan ƙasar, irin waɗanda ba su shiga ƙamus ba. A can aka rubuta jimlar, aka kuma fassara ta da karyewar arziki, wato mutum ya tsiyace, bashi ya fi ƙarfinsa. Wanda ya tattaro ta ya ƙara da cewa an saba jin ta a jihar Arizona a lokutan rikicin kuɗi na baya-bayan nan, ana kuma jin ta jefi-jefi a Kalifoniya.

Abu biyu za a tsinta a nan. Na ɗaya, ma'anar farko ta fi ta yau ƙunci: maganar aljihu ce zalla, ba maganar zaɓi ba. Na biyu kuma, Arizona. Me ya sa can?

Arizona jiha ce ta hamada da duwatsu a kudu maso yammacin Amurka, tana iyaka da Meziko, kuma sai a 1912 ta zama cikakkiyar jiha. Arzikinta a wancan zamani jan ƙarfe ne. Garuruwa irin su Bisbee da Jerome da Globe sun tsiro ne a bakin ramukan haƙar ma'adinai, kuma rayuwar kowa a cikinsu, daga lebura har mai kanti, ta rataya ne a kan farashin jan ƙarfe a kasuwar New York. A can dutse ba misali ba ne. Shi ake fasawa da nakiya kullum, shi ke ruftawa kan mutane, ƙurarsa ke cinye huhu.

Rikicin kuɗin da mujallar ta ambata ma yana da alaƙa da wannan ƙarfe. A watan Oktoban 1907 wasu attajirai, cikinsu har da F. Augustus Heinze, sun yi yunƙurin mamaye hannayen jarin kamfanin United Copper don su juya farashi yadda suke so. Dabarar ta ci tura, bankunan da ke da hannu a ciki suka girgiza, jama'a suka yi tururuwa suna kwashe ajiyarsu, har babban kamfanin ajiya na Knickerbocker ya rufe ƙofa. Sai da attajiri J. P. Morgan ya tara manyan masu banki suka zuba kuɗi kafin ƙura ta lafa. Farashin jan ƙarfe ya faɗi, aka sallami ma'aikata a garuruwan haƙa. Haka aka sake yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da buƙatar ƙarfen ta ragu, ma'adinai da yawa a Arizona suka tsaya cik a 1921, shekarar da aka buga jimlar.

Abin da ya faru a Bisbee

Akwai labari guda da kusan duk masu bin asalin wannan karin magana suke kawowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa ko da ba don karin maganar ba.

Bisbee gari ne a cikin tsaunuka, ƙasa da kilomita 20 daga iyakar Meziko. Kamfanin Phelps Dodge, mai ma'adinan Copper Queen, shi ne wuƙa da nama a garin: babban kanti nasa ne, asibiti nasa ne, jarida tasa ce, har layin dogon da ke shiga garin. Ma'aikatan kuwa gauraye suke. Akwai ƴan ƙasa, akwai baƙi daga gabashin Turai da Finland da Ingila, akwai kuma ƴan Meziko, waɗanda ake biya ƙasa da kowa, ba a kuma barin su aikin ƙarƙashin ƙasa inda albashi ya fi tsoka.

A watan Afrilun 1917 Amurka ta shiga yaƙin duniya. Jan ƙarfe ya yi daraja, tunda da shi ake yin harsasai da wayoyi. Kamfanoni suka yi ta kwasar riba, kayan masarufi kuma suka yi tsada. A ƙarshen watan Yuni ma'aikatan Bisbee suka tafi yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta IWW, wadda hukumomi ke kallo a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi. Buƙatunsu ba wasu na a-zo-a-gani ba ne ga mai karatu a yau: a sa mutum biyu a kan kowane injin huda dutse maimakon ɗaya, a daina tayar da nakiya alhali mutane na cikin rami, a daina fakewa da gwajin lafiya ana korar ƴan ƙungiya, a kuma yanka tsayayyen albashi na dala 6 a rana ga mai aikin ƙasa, maimakon albashin da ke hawa da sauka tare da farashin ƙarfe. Kamfanoni suka ƙi ko da zama a tattauna. Aka shiga yaɗa cewa masu yajin ƴan koren Jamus ne, suna yi wa ƙasa zagon ƙasa a lokacin yaƙi.

Da asubahin ranar 12 ga Yulin 1917, shugaban ƴan sandan gundumar, Harry Wheeler, ya fito da mutane kimanin 2,000 ɗauke da bindigogi, kowanne ya ɗaura farin ƙyalle a damtse don su gane juna. An riga an tsare ofishin wayar tangaraho da na tarho don kada labari ya fita. Suka bi gida-gida da jerin sunaye, suna kama masu yaji, da masu goyon bayansu, da ma waɗanda tsautsayi ya rutsa da su. Mutum biyu suka mutu a ranar: wani ma'aikaci mai suna James Brew ya harbe ɗaya daga cikin masu kamen, Orson McRae, da suka zo ƙofarsa, shi ma nan take aka harbe shi.

Aka tasa ƙeyar waɗanda aka kama zuwa filin wasa na Warren, aka jera su cikin rana. A nan ne aka ba su zaɓi. Duk wanda ya yarda ya juya wa yajin baya, ya ɗaura farin ƙyallen, aka kuma samu wanda ya tsaya masa, sai a sake shi ya koma rami a kan sharuɗɗan da ya ƙi jiya. Wanda ya ƙi, ga jirgin ƙasa nan yana jira. Ɗaruruwa suka ɗaura ƙyallen. Kusan mutum 1,200 suka ƙi, ko kuma ba a ma ba su damar ba.

Aka cusa su a taragu 23, wasu na ɗaukar shanu ne da kashin dabbobi a ciki, aka nufi gabas da su. Tafiyar sa'o'i kusan 16 ce cikin zafin Yuli, kimanin kilomita 320, ba abinci, ruwa kuma kaɗan. An so a sauke su a garin Columbus na jihar New Mexico, hukumomin can suka ce ba su san zancen ba. Sai jirgin ya ja da baya zuwa wata ƴar tasha a tsakiyar hamada mai suna Hermanas, masu gadi suka tafi suka bar su a nan. Daga baya sojoji suka kwashe su zuwa Columbus, aka ajiye su a tantuna na tsawon makonni. A Bisbee kuwa an kafa shingaye a hanyoyin shiga gari, ba mai wucewa sai da takardar izini. Yawancin waɗanda aka kora ba su sake komawa gidajensu ba.

Shugaba Woodrow Wilson ya tura kwamitin bincike, kwamitin ya ce abin da aka yi ya saɓa wa doka gaba ɗaya. An gurfanar da wasu manyan kamfanin da jami'an yankin, amma a 1920 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin hukunta su, magana ce ta jiha. A kotun jiha mutum ɗaya aka yi wa shari'a, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka wanke shi ba ɓata lokaci. Ba wanda ya kwana a kurkuku saboda korar.

To, ga dutse a gefe ɗaya, wato komawa rami. Ga wuri mai wuya a ɗaya gefen, wato hamada da yunwa. Shekara huɗu bayan haka sai ga jimlar a rubuce, an ce daga Arizona take. Dole mutum ya ji kamar zance ya haɗu.

Amma a nan ya kamata a yi hattara. Mujallar 1921 ba ta ambaci Bisbee ba, ba ta ambaci yajin aiki ba. Rikicin kuɗi ta ce, kuma karyewar arziki ta fassara. Haɗa jimlar da ranar 12 ga Yuli hasashe ne na marubutan baya, waɗanda suka ga wuri ya zo ɗaya, lokaci ma ya yi kusa. A ganina abin da shaidar za ta iya ɗauka shi ne wannan: maganar ta yi yawo a bakin mutanen yankin haƙar ma'adinai na yammacin Amurka a farkon ƙarni na 20, inda dutse da fatara suke maƙwabtan juna. Bisbee ta nuna irin rayuwar da ke haifar da magana kamar wannan. Cewa a filin wasan Warren aka ƙirƙire ta kuwa, wannan ƙarin gishiri ne. Masu ba da tarihin kalmomi suna da wannan rauni, in labari ya yi daɗi sai a manta a tambayi shaida.

Yayyenta da ƙannenta

Ko da yake jimlar sabuwa ce, tunanin da ke cikinta tsoho ne. Girkawan dā suna da labarin Scylla da Charybdis, wanda ya zo a cikin Odyssey na Homer. A wani matsattsen mashigin teku, wanda aka saba dangantawa da mashigin Messina tsakanin Italiya da tsibirin Sisili, akwai dodanniya mai kai shida a jikin dutse a gefe ɗaya, akwai kuma wani mahaukacin ruwa mai juyawa yana haɗiye jirage a ɗaya gefen. Jarumin labarin ya zaɓi ya raɓa ta gefen dodanniyar, ya yi asarar mutum shida, maimakon ya rasa jirgin da kowa da kowa. Wasu suna ganin dutsen Scylla ne ya dawo a jimlar Amurkawa, amma wannan ma kamanni ne kawai.

A nan akwai tarko ga mai Faransanci. Ingilishi yana cewa "between Scylla and Charybdis", ma'ana tsakanin haɗari biyu. Faransanci kuwa ya fi cewa "tomber de Charybde en Scylla", wanda ke nufin ka kuɓuta daga wata masifa ka faɗa wadda ta fi ta. Sunaye ɗaya, ma'ana daban. Na Faransancin ya fi kusa da abin da Bahaushe ke cewa an gudu ba a tsira ba, ko ana kukan targaɗe sai ga karaya. A na farko mutum yana tsaye bai zaɓa ba tukuna, a na biyu ya riga ya faɗa.

Wanda ya yi daidai da dutse da wuri mai tauri a Faransanci shi ne "entre le marteau et l'enclume", tsakanin guduma da uwar maƙera. Larabci ma da wannan hoton yake amfani, "baina al-miɗraƙa was-sindan", wanda masu sauraron labarai a Chadi da Sudan suka saba ji. Mutanen Spain da Meziko kuwa sukan ce tsakanin takobi da bango. Sai dai ko guduma da uwar maƙera akwai ɗan bambanci: sau da yawa ana faɗin ta ne ga wanda ƙarfi biyu suka matse, kamar ƙauyen da ke tsakanin sojoji da ƴan bindiga, ko da shi ba a ba shi wani zaɓi ba.

Ingilishi yana da wata tsohuwa da har yanzu ake ji sosai a Najeriya da Ghana, "between the devil and the deep blue sea", tsakanin shaiɗan da teku mai zurfi. Ita kam ta girmi ta Arizona nesa ba kusa ba, domin an same ta a rubuce tun 1637 a littafin wani sojan Scotland mai suna Robert Monro, wanda ya yi yaƙi a rundunar sarkin Sweden. A lokacin babu kalmar "blue" a ciki, daga baya aka ƙara ta.

Mu kuma fa? Mai fassara zuwa Hausa ba ya buƙatar ɗauko dutse daga Arizona. In ana son a fito da haɗari biyun a fili, gaba kura baya siyaki ita ce daidai wa daida, har ta fi ta Ingilishin rai, domin kura da siyaki ƴan gida ɗaya ne, kamar yadda dutse da wuri mai tauri suke abu ɗaya. In kanun labari ne ana son gajarta, tsaka mai wuya ta wadatar. Abin da bai dace ba shi ne a fassara ta da shiga uku ko halin ni-ƴasu, kamar yadda akan ji wani lokaci. Waɗannan suna nuna tsananin wahala ne kawai, sun zubar da zaɓin, alhali zaɓin shi ne labarin. In jarida ta ce shugaba yana "between a rock and a hard place" kan wata yarjejeniya, tana gaya maka ne cewa akwai ɓangare biyu da yake tsoron ɓata wa, kuma mai karatu ya kamata ya nemi sanin su wane ne.

Akwai mutum ɗaya da karin maganar ta faɗa wa a zahiri, ba a misali ba. A watan Afrilun 2003 wani Ba'amurke mai hawan duwatsu, Aron Ralston, yana ratsa wani matsattsen kwazazzabo a jihar Utah shi kaɗai, sai wani dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya gangaro ya danne masa hannun dama a jikin bangon kwazazzabon. Bai gaya wa kowa inda za shi ba. Ya kwana biyar a wurin, ruwansa ya ƙare, a ƙarshe ya karya ƙasusuwan hannun, ya yanke shi da wata ƴar wuƙa marar kaifi, ya fito da ransa. Littafin da ya rubuta a 2004 wannan jimla ya sa masa a matsayin suna, kuma daga shi aka yi fim ɗin 127 Hours a 2010.

Bisbee kuwa an daina haƙar jan ƙarfe a cikinta tun tsakiyar shekarun 1970. Yanzu ƙaramin gari ne na masu zane da ƴan yawon buɗe ido, ana shiga da baƙi cikin tsohon ramin Copper Queen a kan ƙaramin jirgin ƙasa, an sa musu hular kwano da fitila. Filin wasan Warren yana nan, har yau ana buga wasa a cikinsa. A 2017, da korar ta cika shekara 100, mutanen garin suka sake kwaikwayon abin da ya faru a titunansu, wasu suka fito a matsayin masu farin ƙyalle, wasu a matsayin waɗanda aka kora, cikinsu har da jikokin waɗanda abin ya faru a kan idonsu.